Riƙe kayan mai bashi daban, sayar da su daban

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya saboda 'yan bindiga a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Shekara na zagayowa, yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas ya mayar da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma gida, suka bar katifu da risho da akwatuna a ɗakunan haya. Ga kuma mutanen ƙauye da 'yan bindiga suka tasa, waɗanda suka jibge buhunan gero da keken ɗinki a zauren wani a cikin gari. Kaya sun yi yawa a hannun waɗanda ba masu su ba, kuma galibi da bashi a tsakani.

A ɗauki manomin rani daga Makera da ya kai injin ban ruwa gyara. An canza masa fistan da zobe, kuɗi suka gagara, injin ya kwashe watanni a lungun shago yana shan ƙura. Ranar da ya haɗo kuɗin ya dawo, sai bakanike ya ce, “Ai na sayar, na cire haƙƙina.” Mutane da dama za su ce ya yi daidai. Bai yi ba.

Bakaniken yana da gaskiya ta fuska ɗaya: da kuɗinsa ya sayo kayan gyara, da guminsa ya yi aiki, kuma yana iya riƙe injin har a biya shi. Nan ikonsa ya tsaya. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Katsina ke hukunci da shi, ya bambanta ajiya da jingina. Ajiya amana ce, ba a taɓa ta. Jingina kuwa tana tsaya wa bashi, amma ko ita ba ta komawa mallakin mai bin bashi don wa'adi ya cika. Imam Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa sharaɗin in ba a biya ba kaya sun zama na mai riƙe da su ɓatacce ne. Sayarwa sai da izinin mai kaya ko hukuncin alƙali, kuma alƙali na iya sayarwa ko mai kayan ba ya nan, idan bashi ya tabbata. A cire abin da ake bi, ragowar ta koma ga mai ita.

Wannan ragowar ce ake yawan haɗiyewa. Wanda ya sayar cikin fushi kuɗinsa kawai yake hange, sai ya karyar da injin a rabin daraja, ba shaida, ba takarda. Talakan da ya rasa kuɗin gyara shi ke asarar jarin nomansa gaba ɗaya. Allon da ake kafawa a shago cewa kayan da suka wuce wata uku ba ruwan mai shago bai kamata ya zama lasisin yin haka ba.

Kai ƙara wajen 'yan sanda ma ba mafita ba ce: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Wanda ya sayar da ajiya kuwa, shi ke iya fuskantar tuhumar cin amana.

Sai dai masu sana'a ba za su je kotu ba muddin shari'ar dubu talatin za ta ci musu wata shida. Ya kamata kotunan Dutsin-Ma da Kurfi su ware rana don irin waɗannan ƙananan ƙararraki, su aika sammaci ta hannun dagaci ko mai unguwa, su ba da wa'adi, sannan a yi gwanjo a bainar jama'a. Ƙungiyoyin kanikawa da teloli da masu gidajen haya kuma su saba wa mambobinsu da rubuta takarda tun ranar karɓar kaya: ajiya ce ko jingina, nawa ake bi, yaushe wa'adi, su wa suka shaida.