Kafin ka sayi Ijapa da kuɗin makaranta, tsaya ka ji ta bakin mai ita

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Tun ranar da na saka hoton motata bayan an wanke ta, saƙonni suke ta shigo min: nawa ka saya, ina ka samo ta, ka haɗa ni da dillalin. Wanda ya fi tayar min da hankali wani ƙanenmu ne ɗan aji biyu. Ya ce ya ga irinta a wajen wani mai sayar da motoci, yana so ya haɗa kuɗin makarantarsa da ɗan jarin da yayansa ya ba shi ya biya, wai kafin a rufe rajista zai mayar da kuɗin. Na ba shi amsa shi kaɗai, amma na ga gara in faɗa a fili, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ba shi da sana'ar da take kawo masa kuɗi duk mako, kada ya sayi wannan motar. Ina faɗin haka ne ina da ita, ina kuma son ta. Shekara ɗaya da rabi ke nan tana hannuna.

Ga wanda bai san ta ba, Volkswagen New Beetle nake nufi, mai ƙofa biyu, mai bayan kunkuru. Yarbawa suna ce wa tsohuwar Ijapa, wato kunkuru, sunan kuma ya bi sabuwar. Mu da muka tashi a wajen Ojo mun san labarinta tun muna yara, domin a nan kan titin Badagry kamfanin Volkswagen ya fara haɗa motoci a 1975, har yau kuma akwai tashar da kwandastoci ke kira Volks. Baba yakan ba mu labarin yadda malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suke hawanta a lokacin da ya fara zuwa Legas. Wannan labarin na cikin abin da ya ja ni. Sauran kuwa, mu faɗi gaskiya, son a kalle ni ne.

Ranar da na kawo ta gida, Baba ya fito ya zagaya ta, ya je baya ya ce in buɗe masa ya ga inji. Na buɗe, sai ga wurin zuba kaya. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan ai ba Ijapa ba ce, rigarta kawai aka ara." Na yi dariya a lokacin, daga baya na gane ya faɗi magana.

Tsohuwar Ijapa injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, ba lagireto, ba wata kwamfuta a ciki. Makanikin bakin titi da sifana biyu zai tayar da ita. An ƙera sama da miliyan 21, aka daina a 2003. Sabuwar kuwa ta fito ne a ƙarshen shekarun 1990, a garin Puebla na ƙasar Meziko ake ƙera ta, kuma a ƙarƙashin rigar nan Golf 4 ce. Inji a gaba, ruwa ke sanyaya shi, ga wayoyi da na'urori ko'ina. An daina wannan samfurin wajen 2010, wanda ya gaje shi ma aka rufe shi a 2019. Ka ga ke nan duk wadda za a nuna maka yau a ce "kamar sabuwa", ta haura shekara goma sha biyar a duniya. Tawa ta 2003 ce. Ta girmi wasu 'yan ajinmu.

To ga inda lissafin ɗalibi yake karyewa. Mu kuɗin saye kawai muke gani. Motar tana da araha idan ka gwada ta da Corolla ta shekara ɗaya da ita, sai ka ce ka tsinci dami a kala. Ba ka tambayi kanka me ya sa take da arahar ba. Dalili shi ne masu nemanta kaɗan ne. Abin da ya sa ka same ta da sauƙi, shi zai sa ka sha wuya ranar da ka tashi sayarwa. Na taɓa gwada sa tawa a kasuwa lokacin da na shiga matsi. Mako uku, masu zuwa ɗaukar hoto sun fi masu tayawa yawa, wanda ya taya kuma ko rabin abin da na kashe bai kai ba.

Sai mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda farashin fetur ya koma. Tankinta lita 55 ne. Ka ɗauki farashin lita a gidan man unguwarku ka ninka sau 55, sannan ka tuna kuɗin kashewa da asusun bashin ɗalibai na NELFUND yake bayarwa naira 20,000 ne a wata, mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan kuma 70,000. Ƙaramar mota ce a ido, amma injin lita 2 ne a cikinta, kuma a cunkoson Legas da esi a kunne ba ta san tana ƙarama ba.

Sai takardu. Inshorar dole ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun farkon 2023. Ga sabunta lasin mota duk shekara, ga takardar shaidar lafiyar mota, wadda a Legas sai an kai ta an duba, ga lasin tuƙinka kai kanka. Motar da kowa ke juyowa ya kalla, jami'an kan hanya ma suna kallonta. Idan takarda ɗaya ta ƙare ba ka sabunta ba, kai za a fara gani.

Sai gyara, wanda shi ne ya koya min hankali. Ban ɗora wa motar laifi ba. Laifin nawa ne da na wanda ya riƙe ta kafin ni. Na je saye da abokai biyu waɗanda iyakar saninsu da mota su ce fentin ya yi kyau. Ban tafi da makanike ba don ina ƙyashin kuɗin da zan ba shi. Ashe mai ita na baya ruwan famfo yake zubawa a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, an kuma cire abin da ke daidaita zafin injin, kamar yadda wasu makanikai suke yi wai don ƙasarmu da zafi. Wata uku da saye, ranar da muke da gwaji ƙarfe takwas na safe, ina cikin cunkoso sai jar fitila ta kama, tururi ya fara fita ta gaba. Na tsaya ina tunanin in bar ta a titi a ja ta, ko in zauna da ita in rasa gwajin. Na zauna. Kafin in samu masu tura ta gefe in kira makanike, an tashi. Maki talatin suka tafi haka nan, kuma ba wanda zan ce ya zalunce ni, don doka a bayyane take. Da ƙyar na tsallake kwas ɗin. Da danfo na hau ranar, da na isa da gumi amma na rubuta.

Da muka buɗe ta, famfon ruwa ya lalace, bel ɗin tayimin ya tsufa ya fara tsagewa. Makanikin, wani dattijo Bayarabe, ya nuna min shi ya ce, "Alhaji, ka gode wa Allah. Da wannan ya tsinke tana tafiya, da inji muke magana yanzu." A irin wannan injin idan bel ɗin ya tsinke, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su. Kuɗin gyaran ranar daga jarin wayoyin da nake sayarwa ya fito. Sai da na yi wata biyu kafin shagona na intanet ya dawo daidai.

Adalci dai, kayan injinta ba su da wuyar samu. Tunda Golf 4 ce a ciki, ka shiga Ladipo za ka samu yawancinsu. Inda ake kuka shi ne kayan jiki: fitilar gaba, bamba, madubin gefe, gilashin ƙofa. Waɗannan nata ne ita kaɗai. Wani mai keke ya goge min fitila, sai da na yi zuwa uku kafin a samo. Kuma saboda ƙirar gabanta, wurin injin a matse yake, aikin da za a yi wa wata motar cikin minti ashirin, ita sai an kwance wannan an cire wancan, kuɗin aiki ya ƙaru. Ga ta a ƙasa-ƙasa. Tukunyar baƙin mai tana kusa da titi, rami ɗaya ko tudun rage gudu ɗaya ka hau da ganganci, ka fasa ta. Da damina kuwa, watan Yuni da Yuli idan ruwa ya kwanta a hanya, ajiye ta nake yi in bi bas kamar kowa.

Akwai wani kuɗin da ba a rubuta shi a rasit. Ranar da ka shigo makaranta da mota, ka zama mai kuɗi a idon mutane ko da garin kwaki ka kwana. Kowa "Oga, ka rage min hanya", ba mai cewa ga na mai. Ana karo-karo a ƙungiya, sunanka ne a sama. Wanda kake bi bashi ya daina jin nauyinka, ai kai mai mota ne. Har a gida, Kawu da yake ɗan taimaka min da kuɗin littattafai ya ja hannu, ya ce wa Umma, "Ai yaronki ya tsaya da ƙafarsa." Ban ga laifinsa ba, abin da na nuna wa duniya ke nan.

Wani zai ce, to ai sai ka riƙa haya da ita tana ciyar da kanta. Ƙanen namu ma haka ya ce. Kamfanonin haya na waya irin su Uber da Bolt mota mai ƙofa huɗu suke karɓa, wannan biyu gare ta. Kujerar baya mutum biyu take ɗauka, dogo kuma kansa na taɓa rufi. Wurin kaya ba ya cin buhun kirki sai ka kwantar da kujera. Idan neman kuɗi ne ya kai ka, ba ita ba ce motarka.

Na san akwai masu hujja, kuma ban raina ta ba. Akwai 'yar'uwarmu da take zuwa daga nesa, lakca ta kai ta dare, iyayenta suka ga hankalinsu ya fi kwanciya tana cikin motarta. Akwai wanda yake aiki yana karatu, lokaci ya fi masa kuɗi tsada. Akwai kuma wanda kawai yana son abin, yana da halin riƙe shi, ba haramun ya yi ba. Ni ma ba zan ɓoye ba, idan na zauna a ciki da yamma, rufin nan mai tsawo, ga ɗan kofin saka fure a gefen sitiyari, yara suna ɗaga min hannu, tsofaffi suna tsayar da ni su ba ni labarin tasu ta da, ina jin daɗi. Amma duk waɗannan da na lissafa, akwai inda kuɗin gyara zai fito musu ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ba. Wannan shi ne bambancinsu da ƙanenmu.

Idan ka ji duk wannan ka ce kai dai sai ita, to ga abin da na so a ce wani ya gaya min. Kada ka saya sai bayan ka biya kana da ragowar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta a ajiye, don gyaran farko ba ya jira. Ka tafi da makanikin da ya san Volkswagen, naka ba na dillali ba, ya jona mata na'ura ya karanto matsalolinta. Ka je da sassafe ka tayar da ita injin na sanyi, domin mota mai ciwo ana ɗumama ta kafin mai saye ya iso. Ka duba lambar jikinta mai harafi da lamba 17, ta dace da ta takardun kwastan da na mallaka. Na goma a jerin shi ke nuna shekara: 3 na nufin 2003, Y na nufin 2000. Kada a sayar maka da tsohuwa da sunan sabuwa. Ka leƙa ƙasa ka ga ko mai na ɗiga, ka ɗaga kafet ka shinshina ko ta taɓa nutsewa a ruwa. Idan mai giya da kanta ce, ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka ji ko tana fizga wajen canji. Ka ɗaga gilasai ka sauke duka. Ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin tayimin da famfon ruwa, idan ba wanda ya sani, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsu daga ciniki. A rubuta yarjejeniya da shaidu, ka canza suna zuwa naka da wuri.

Ƙanen namu kuwa, ce masa na yi ya zo ya karɓi mukullin tawa ya riƙe ta mako ɗaya, da sharaɗin mai da duk abin da ya taso a kansa. Kwana huɗu ya dawo min da ita, tanki na neman ƙarewa, ya ce, "Yaya, bari in fara biyan rajista tukun." Na ce Allah ya yi maka albarka.

Iyayenmu da yawa a rana suke tsaye a Alaba Rago da Mile 12 da Agege suna haɗa kuɗin da muke karatu da shi. Kafin ka miƙa wa dillali wannan kuɗin, ka tuna wanda ya nemo shi. Mota za ta jira ka, ana nan ana sayar da ita bayan ka gama. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya hore mana abin hawa na halal a lokacin da za mu iya riƙe shi.