Muna Rigimar Ganin Wata, Ba Mu Da Wurin Kallonsa



Ku shiga Kasuwar Sabon Gari ranar 29 ga Sha'aban ku saurara. Daga masu kayan lantarki har 'yan dako, kowa ya zama masanin wata. Wannan ya ce an gani a ƙauyensu, wancan ya ce sai Sarkin Musulmi ya sanar. Amma tambayi mai gardamar ƙarfe nawa watan zai faɗi yau, kafin rana ko bayanta, sai ka ji shiru. Alhali nan gizo ke saƙar: jinjirin watan da ya riga rana faɗuwa babu idon da zai gan shi.

Ba mu ga laifinsu ba. Ina aka taɓa kai su suka gani? Kano, da duk jami'o'inta da attajiranta, ba ta da ɗakin kallon taurari da talaka zai biya kuɗin ƙofa ya shiga, irin mai rufin ƙubba da ake haska sararin sama a cikinsa. Hukumar NASRDA ta gina nata a Abuja, cibiyarta ta binciken samaniya kuma tana Nsukka. Yaranmu kuwa, duk shekara Gidan Zoo da Gidan Makama, shi ke nan.

Masu cewa wannan bokanci ne, ku yi haƙuri, kun haɗa lissafi da duba. Da lissafin ne aka faɗi ranar husufin 29 ga Maris 2006 tun kafin ya zo, rana kuma ta rufe ruf a Katsina da Gusau. Da shi aka tsara jadawalin sallar da ke rataye a shagunanku. Kakanninmu ma da suka raɗa wa taurari Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta ba a ƙasa idonsu yake ba.

Masu cewa "a bari a ƙoshi tukuna" kuma, gwamnati nawa muka jira?

Mu da 'yan kasuwa muke magana. Kuɗin kujerar Umara biyu ko uku ya isa ya sayi madubin hangen nesa mai kyau, wanda yaro zai ga ramukan wata da zoben Zuhal da idonsa. Ga Dala, ga Goron Dutse. A fara da madubi ɗaya da malamin kimiyya ɗaya, duk daren Asabar. Ƙungiyar 'yan kasuwar Sabon Gari, idan kun shirya, mu za mu rubuta muku takardar neman izinin, kyauta.