RA'AYINMU: Jami'ar Haɗin Guiwa Da Aljihun Jihohi

Duk wanda ya duba kasafin kuɗin jihohinmu ya san ɗaukar nauyin jami'a ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa wasu masana kan ba da shawarar cewa maimakon kowace jiha ta kafa tata, gara jihohi biyu ko uku masu maƙwabtaka su haɗa ƙarfi su gina babbar makaranta guda mai inganci. Mun yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kafin wata gwamnati ta sa hannu a kan irin wannan yarjejeniya, wajibi ne ta san abin da za ta ɗora wa baitulmalinta.

Kuɗin jami'a kashi biyu ne. Akwai na gine-gine, wanda sau ɗaya ake kashe shi, kuma asusun TETFund na iya taimakawa. Akwai kuma na yau da kullum: albashi, fansho, wutar lantarki, ruwa, littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Wannan kashi na biyu kowane wata yake dawowa, kullum ƙaruwa yake yi, kuma TETFund ba ya biyan albashi. A nan ne haɗin guiwa ke tsayawa ko ya rushe.

Abin da ya sami Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomosho ya isa darasi. Tsohuwar Jihar Oyo ce ta kafa ta a 1990. Da aka cire Jihar Oshun daga Oyo a 1991, sai jami'ar ta zama mallakar jihohin biyu, aka shirya kowacce ta riƙa ɗaukar nauyin wata shida a shekara. Da kuɗin man fetur ya ja baya, kowace gwamnati ta fara da nata ma'aikatan, ta kuma zargi 'yar'uwarta da rashin cika alkawari. Albashi ya tsaya, malamai suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka yi watanni a gida cikin 2016 da 2017. A watan Nuwamba na 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da sanarwar an raba gari: Oyo ta riƙe jami'ar, Oshun ta karɓi kwalejin koyon aikin likita da ke Oshogbo, sa'an nan Oyo ta amince za ta biya Oshun Naira miliyan dubu 8. Ashe rabuwar ma da kuɗinta.

Mu ma a Arewa ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ta koma hannun jihohi shida bayan da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, har Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975. Haka kuma ta karɓi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1991. Ba hikima ba ce a kafa sabuwar makaranta bisa fatan wata rana Tarayya za ta zo ta sauke mana kayan.

Saboda haka muna kira da a cika sharuɗɗa huɗu kafin a aza tubali. Na farko, Ma'aikatar Kuɗi ta kowace jiha ta gabatar wa Majalisar Dokoki ƙiyasin kuɗin yau da kullum na aƙalla shekara biyar, jama'a su gani. Na biyu, a rubuta kason kowace jiha cikin doka, bisa yawan ɗalibanta. Na uku, a riƙa cire wannan kaso kowane wata tun daga asusun tarayya, kafin kuɗin ya iso jiha, don kada albashin malamai ya dogara ga jituwar gwamnoni. Na huɗu, a fayyace tun farko yadda za a raba kadarori da bashi in wata jiha ta so ficewa.

Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi su ne za su fara ganin alƙaluman, don haka su gaya wa shugabanni gaskiya ko da ɗaci. Ɗalibai kuma su tambayi inda albashin malamansu zai fito, domin su ne ke zaman gida in an rufe makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.