'Yar Bora Ta Fi Ganɗoki Cancantar Zama Abin Koyi

Duk lokacin da aka nemi ɗaliban Hausa su kawo misalin jarumi a ƙagaggun labarai, sunan da ke riga kowa fitowa shi ne Ganɗoki, gwarzon littafin Bello Kagara na 1934, mai sare abokan gaba kamar karan dawa, mai shiga ƙasar aljanu da takobi a hannu. Da wuya a ambaci 'yar bora ta tatsuniyar Ruwan Bagaja, ko akun Magana Jari Ce. Wannan kuskure ne na nazari, kuma illarsa tana kai wa ga tarbiyya, domin wanda aka kira jarumi shi yaro ke kwaikwayo.

A dubi yaron Bahaushe da ke tashi a Sankaryaare ta Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yana jin harshen Mosawa a kasuwa, Faransanci a makaranta, Hausa a tsakar gida. Magabatansa fatake ne da malamai da mahauta, waɗanda suka bi hanyar goro ta Gwanja, suka sauka a ƙasar Mogo Naba ba tare da runduna ko sarauta ba. Da riƙon amana da iya magana da jure zaman baƙunci suka kafa zango. Da aka rushe tsohuwar unguwar Hausawa ta Zanguwetin a 2003 saboda shirin ZACA na sabunta tsakiyar birni, da waɗannan halaye ne mutanenta suka sake kafa rayuwa a wasu unguwanni. Me takobin Ganɗoki zai koya wa jikansu?

'Yar bora kuwa tana da abin koya masa. An ɗora mata laifin da ba ta yi ba, aka tura ta wanke ƙirgi a ruwan da ba ta san inda yake ba. Ta tafi ita kaɗai. Ta ga abinci a hanya tana jin yunwa, ta ƙi taɓawa. Ta tarar da Cinya da Kare, halittun da za su sa babba ya ruga, ta gaishe su da ladabi, ta yi musu hidima. Da aka ba ta zaɓi, ta ɗauki ƙaramin ƙwai. 'Yar mowa ta bi wannan hanya ɗin, ta sami duk damar da 'yar bora ta samu, raini da kwaɗayi suka kai ta ga wulaƙanci. Tatsuniyar ta daidaita musu hanya da gangan, don a gane cewa hali kaɗai ya raba su.

Haka nan aku a Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da barade, amma tsuntsun da ke cikin keji shi ya tsare Musa daga makircin Waziri, yana jan hankalinsa da labari dare bayan dare har sarki ya dawo. A ƙarshe shi aka naɗa waziri. Imam da Kagara 'yan'uwan juna ne, sai dai ƙanen ya ɗora ceton masarauta a kan mafi raunin halitta a fadar. Marubucin Ingila Tolkien ya bi irin wannan dabara a 1954, da ya danƙa zoben halaka ga Frodo, ɗan ƙaramin mutumin ƙauye, alhali ga sarakuna da mayaƙa a gefe.

Wasu manazarta na cewa irin waɗannan labarai suna koya wa talaka da mace sunkuyar da kai, su jira sakayya daga sama. Sukar tana da tushe, domin an sha amfani da kalmar haƙuri wajen rufe bakin wanda aka zalunta. Amma ba ta dace da 'yar bora ba. Wadda ta miƙa wuya tana zaune a ɗaki tana kuka. Wannan ta bar gida, ta ratsa daji, ta yanke shawara a kowace mararraba, ta dawo da abin da ya 'yanta uwarta. Aku ma ya san ransa na cikin haɗari, bai yi shiru ba.

Akwai kuma hujja ta fasaha. Jarumin da ba ya shan kaye ba ya sa gaban mai sauraro ya faɗi, kuma ba a iya kwaikwayonsa, tunda ƙarfinsa baiwa ce da aka haife shi da ita. Abin da 'yar bora ta yi kuwa, yarinyar da ke talla a kasuwar Sankaryaare za ta iya yin sa gobe da safe.

Don haka ya kamata ɗalibi ya gyara ma'aunin tauraro a nazarinsa, ya daina ƙirga kawunan da aka fille, ya tambayi abin da mai rauni ya zaɓa lokacin da ba mai ganin sa. Malaman zango kuma, da iyayen da ke fafutukar kada Hausa ta suɓuce wa 'ya'yansu a Wagadugu, su mayar da tatsuniya tsakar gida, su fara da ta 'yar bora. Hausawa sun riga sun yi gargaɗi cewa ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.