Tsadar Inshorar Ƙananan Jiragen Sama: Inda Gizo Ke Saƙar

Tsakanin shekarar 2019 da ta 2022 masu ƙananan jiragen sama na ƙashin kansu a ƙasashe da dama sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun kamfanonin inshora, domin kuwa kusan duk lokacin da wa'adin sabunta takardu ya zagayo sai su tarar an yi musu ƙari, har da waɗanda ba su taɓa neman diyya ba. Kasuwar ta ɗan lafa daga baya a Amurka da Turai, amma lafawar ba ta iso ga mai biya da Naira ba, saboda faɗuwar darajar kuɗin ƙasar nan ta haɗiye duk wani rangwame. Wannan al'amari ya cancanci nazarin 'yan kasuwa, ko da waɗanda ba su mallaki jirgi ba, tun da yake da yawa daga cikinsu suna ɗaukar shatar irin waɗannan jirage.

Inshorar jirgin sama kashi biyu ce. Akwai wadda ta shafi gangar jirgin, wato diyyar da za a biya idan ya lalace ko ya ƙone, akwai kuma wadda ta shafi alhakin rayuka da dukiyoyin wasu, fasinjoji ne ko mutanen da ke ƙasa. Haɗarin yaƙi da ƙwace kuwa ana yi masa takarda ta daban. Kafin kamfani ya yanka farashi yakan duba darajar jirgin, da yawan sa'o'in da matuƙinsa ya yi a sama, musamman a kan wannan samfurin, da irin aikin da ake yi da jirgin, da kuma wurin da ake ajiye shi.

Abin da ya bambanta wannan kasuwa da ta motoci shi ne ƙarancin masu zuba kuɗi a cikin asusun. Motoci miliyoyi ne a kowace babbar ƙasa, saboda haka asarar mutum ɗaya takan narke a cikin taron jama'a. Ƙananan jirage kuwa, ko a Amurka wadda ta fi kowace ƙasa yawansu, kimanin 200,000 ne. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin da ke tsaya wa kamfanonin inshora, irin na kasuwar Lloyd's da ke Landan, su ne dai ke ɗaukar nauyin manyan jiragen fasinja da ƙananan jirage baki ɗaya. Idan suka tafka asara a wani sashe, sai su nemi mayar da gurbinta a kowane sashe.

Asarar kuwa ta zo a jere. A watan Oktoba na 2018 jirgin kamfanin Lion Air ya faɗa cikin teku a Indunisiya da mutane 189, a watan Maris na 2019 kuma na kamfanin jiragen Habasha ya faɗi da mutane 157, abin da ya sa aka dakatar da samfurin Boeing 737 MAX a duk duniya, dakatarwar da ta kai kimanin watanni 20 a Amurka. Wannan ya auku ne bayan shekaru fiye da goma da gasa ta karya farashin inshorar jirage, har wasu kamfanoni suka gwammace su fice daga harkar. A 2022 jiragen haya kimanin 400 suka maƙale a Rasha sakamakon yaƙinta da Yukren, kuma a watan Yuni na 2025 Babbar Kotun Landan ta yanke hukuncin cewa kamfanonin da suka ɗauki haɗarin yaƙi ne za su biya masu jiragen da suka kai ƙara. Haka nan a watan Afrilu na 2023 faɗan da ya ɓarke a Sudan ya ƙone jirage da dama a filin jirgin saman Khartum. Daɗin daɗawa, kayayyakin gyara sun yi tsada, ƙwararrun makanikai sun yi ƙaranci, kotunan Amurka kuma suna yanka diyya mai nauyi.

Amurka ta taɓa ganin ƙarshen irin wannan hanya. A 1978 masana'antunta sun fitar da ƙananan jirage fiye da 17,000, amma a 1994 adadin bai kai 1,000 ba. Daga cikin manyan dalilai akwai kuɗin inshorar da masu ƙera jirage ke biya, saboda ana iya kai su ƙara a kan jirgin da suka sayar shekaru talatin da suka wuce. Kamfanin Cessna ya daina ƙera ƙananan jiragensa masu injin fistin a 1986, kamfanin Piper kuma ya durƙushe a 1991. Majalisar dokokin ƙasar ba ta ƙayyade wa kamfanonin inshora farashi ba. A 1994 ta zartar da dokar da ta taƙaita wa'adin ƙarar masu ƙera jiragen da ba su kai kujeru 20 ba zuwa shekaru 18, kuma cikin 'yan shekaru Cessna ya koma aiki. Darasin a fili yake: farashin inshora yana sauka ne idan an rage haɗarin da ya haife shi.

A Nijeriya matsalar ta ninku. Doka ta tanadi cewa a fara ba kamfanonin cikin gida inshorar jirage, ƙarƙashin kulawar hukumar NAICOM, sai dai ƙarfin jarinsu bai ba su damar riƙe fiye da ɗan ƙaramin kaso ba, ragowar kuwa sai a miƙa shi ƙetare, inda ake lissafi da Dala. Kafin gwamnati ta sakar wa Naira mara a watan Yuni na 2023, ana canza Dala ɗaya a hukumance a kan kimanin Naira 460, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Alal misali, takardar inshora ta Dala 20,000 wadda a da take cin Naira miliyan 9.2 ta koma cin Naira miliyan 30, alhali kamfanin Landan bai ƙara ko sisi ba. Ga kuma ƙa'idar da aka tsananta aiki da ita tun daga 2013, cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta.

Wasu za su ce wannan kukan masu hannu da shuni ne, wanda ya iya sayen doki ai ba zai kasa sayen linzami ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a kan attajirin da ke da jirgin alfarma. To amma ƙananan jirage su ne ake koyar da tuƙi da su a Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da takwararta ta Ilori. Da su ake feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe, da su ake ɗaukar majinyata cikin gaggawa, da su ake safiyon ƙasa. Duk ƙarin da aka yi wa waɗannan yana ƙarewa ne a kan kuɗin makarantar ɗalibi da kasafin ma'aikatun gona.

Babban abin tsoro shi ne hanyoyin da tsada ke tura mutane. Wani yakan rage darajar jirginsa a takarda don ya biya kaɗan, ranar tsautsayi kuma ya karɓi abin da ba zai sayi rabin jirgin ba. Wani kuma yakan riƙa ba da jirginsa haya a ɓoye don ya sami na biyan ɗawainiya. A 2024 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, wato NCAA, ta dakatar da lasisin wasu masu jirage a kan wannan laifi, Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamiti a kan matsalar. Abin da fasinja ya kamata ya sani shi ne, takardar da aka yi wa jirgin amfanin kai ba ta ɗauki nauyin wanda ya biya kuɗin kujera ba, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biyan diyya. Ɗan kasuwar da ya sami shata mai araha daga Kano zuwa Abuja yana iya barin iyalinsa da doguwar shari'a. Araha dai ba ta ado. Wajibi ne kafin ya hau ya nemi ganin lasisin jigilar haya da takardar inshorar jirgin.

Kiran da ake yi a irin wannan yanayi na cewa gwamnati ta ƙayyade farashi ba zai haifar da ɗa mai ido ba, domin kamfanin da ke Landan ba ya ƙarƙashin dokar Nijeriya, zai janye ne kawai ya bar jiragen a ƙasa. Dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar dukiya zuwa Naira miliyan dubu 15, na masu tsaya wa kamfanoni kuma zuwa Naira miliyan dubu 35. Wannan ci gaba ne, sai dai Naira miliyan dubu 15 kimanin Dala miliyan 10 ce, wadda ba ta kai kuɗin sabon matsakaicin jirgin alfarma guda ɗaya ba. Saboda haka ya dace kamfanonin cikin gida su haɗa asusu guda na musamman don ƙananan jirage, tare da haɗin gwiwar kamfanin Africa Re mai hedkwata a Legas, domin kason da ake riƙewa a gida ya ƙaru, Dalar da ke fita ta ragu.

Gwamnati kuma tana da nata aikin a inda take da iko: katange filayen jirage, da maganin tsuntsayen da ke faɗa wa injina, da sauƙaƙa shigo da kayayyakin gyara, da fitar da rahotannin binciken haɗari a kan lokaci, domin kamfanin inshora idan ya rasa bayani yakan ɗauki mafi munin zato ya sa a farashi. Su kuwa masu jirage, abin da ke hannunsu shi ne horar da matuƙa a kai a kai, da adana cikakken tarihin gyara, da ajiye jirgi a rumfa, da fara neman farashi ta hannun ƙwararren dillali watanni kafin wa'adi ya cika. Masu jirgi ɗaya ɗaya kuma za su fi samun sauƙi idan suka haɗu suka yi ciniki da murya ɗaya. Wanda ya yi lissafi ya ga ba zai iya biyan cikakkiyar inshora ba, mafi alheri gare shi da sauran jama'a shi ne ya sayar da jirgin ya koma ɗaukar shata daga kamfani mai lasisi.