Wuƙa A Kube: Hukuncin Tara Ta Da Cinikinta

A wannan mako za mu duba wata al'ada da muke gani a gidajen waɗansu masu hali, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, watau tara wuƙaƙe da takubba na ado. Wannan an sayo ta a Jidda, waccan aikin maƙeran Agadas ce, an jera su a bango don baƙo ya gani. Waɗansu mutane na ƙyamar abin, suna cewa almubazzaranci ne. Masu yi kuwa suna cewa sha'awa ce kawai irin ta mai kiwon doki.

Asalin mallakar wuƙa halal ne, babu mai jayayya a kan wannan. Da ita ake yanka, kuma Imam Muslim ya ruwaito umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba. Abin da shari'a ta tsananta a kai shi ne yadda ake riƙe ta cikin mutane. An hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, an hana miƙa takobi tsirara, an kuma umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. Saboda haka maigidan da yake zare wuƙa a zaure yana wulwula ta gaban abokai ya shiga abin da aka hana. Haka nan malamanmu sun haramta sayar da makami ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi. Mai teburin wuƙaƙe a kasuwa ya san bambancin mahauci da ɗan daba, kada ya ce bai sani ba.

Inda masu tarawa suka fi tuntuɓe shi ne wajen azurfa. A cikin Risala, wadda kowane ɗalibi a ƙasar nan ya karanta, Ibn Abi Zaid ya halatta wa namiji ado da azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, sa'an nan ya hana a linzami da sirdi da wuƙa. Ya ambaci wuƙa da sunanta. To, mafi yawan abin da ake yayi a yau, irin hanjar na ƙasar Oman, kubensa da mariƙinsa azurfa ce. Ba mu ce mutanen Oman da Yaman sun saɓa ba, domin su ba mazhabar Maliku suke bi ba, Shafi'iyya ma sun faɗaɗa halaccin zuwa sauran kayan yaƙi. A wurin mutanen Oman hanjar tufafin girma ne, yana cikin tambarin ƙasarsu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2022. Amma Bamalike da ya rataya shi a falo ya kamata ya san abin da littafinsa ya ce. Game da zakka kuwa, wuƙar da aka ajiye don sha'awa ba ta da zakka a kanta, amma wanda yake saye yana sayarwa zai ƙiyasta kuɗinta tare da sauran hajarsa idan shekara ta zagayo.

Akwai kuma abin da ya fi azurfa nauyi a ganinmu. Jambiyar Yaman wadda ta fi kowace daraja ita ce mai mariƙin ƙahon karkanda. Bayan 1970, da 'yan Yaman suka kwarara Saudiyya aiki suka samu kuɗi, wanda da ba ya iya sayen irinta ya iya, har Yaman ta Arewa ta riƙa shigo da kusan tan 3 na ƙahon a shekara. Wannan, tare da masu neman ƙahon don magani a gabashin Asiya, ya jawo kisan da ba a taɓa gani ba. Baƙar karkanda ta Afirka, wadda ta kai kimanin 65,000 a 1970, ba ta kai 2,500 ba a 1995. Irin da ya rage a arewacin Kamaru, nan maƙwabtanmu, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011. An hana cinikin ƙahon tsakanin ƙasashe tun 1977, gwamnatin Yaman ta Arewa ta hana shigo da shi a 1982, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba, har Babban Muftin Yaman ya ba da fatawa a 1992 cewa kashe dabbar don ƙahonta saɓa wa Allah ne. Muna ganin fatawar ta hau kan mai saye kamar yadda ta hau kan maharbi, tunda kuɗin mai saye ne yake tura maharbi daji.

Maƙeran Sana'a suna yin mariƙi da ƙahon ɓauna, da itace, da dutsen aƙiƙ, har da roba. Wanda ya tsaya ciniki ya tambayi mai kanti da me aka yi mariƙin. In ya ce karkanda ce, ko dai ƙarya yake yi don ya tsuga kuɗi, ko kuwa gaskiya ce, wadda ma'aikatan kwastan suna da ikon ƙwace ta a filin jirgi.