Lanho Ba Ya Tsayawa Matsayin Zakka, Ƙarya Kuma Ba Ta Halatta A Cikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, zancen lanho ya taso, tambayoyi kuma sun yawaita a wannan zaure daga Waca da ƙauyukanta, har da ƴaƴanmu da ke ci-rani. Mafi yawansu a kan abu biyu suke kewayawa: shin wanda ya biya lanho ko patanti zai iya cire shi daga zakkarsa? Kuma ya halatta mutum ya rage adadin iyalinsa ko cinikinsa idan hukuma ta tambaye shi?

Ta farko amsarta a'a. Zakka ibada ce mai nisabi da gwargwado sananne, waɗanda ake bai wa ita kuma kashi takwas ne da aka ƙidaya a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai ausuƙi 5, ana fitar da ɗaya cikin goma. Wanda aka shayar da wahalar guga ko inji, ɗaya cikin ashirin. Kuɗi da hajar ciniki, ɗaya cikin arba'in. Masu noman rake a fadamu su lura, a mazhabar Imamu Malik babu zakka a jikin raken, sai a kuɗinsa idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Shi kuwa lanho asusun ƙaramar hukuma yake shiga, a yi hanya, a gyara rijiya, a biya ma'aikata. Haƙƙin miskinin unguwarku yana nan a wuyanka, ko da resi goma ka riƙe.

Ta biyu ita ce mai buƙatar natsuwa. Akwai masu cewa duk haraji makasu ne, wato karɓar dukiyar mutane da zalunci, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya nuna girman zunubin mai karɓar makasu. Hadisin ingantacce ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Mu mutanen ƙasar Damagaram ba mu buƙatar a ba mu labarin ɗacin lanho: tun zuwan Faransawa a 1899 kakanninmu sun sha shi haɗe da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, har wasu suka tsallaka iyaka suka bar gonakinsu. Ƙyamar da ke zukata tana da asali.

Sai dai malamai ba su tsaya nan ba. Imamu Shaɗibi, Bamalike, ya bayyana a littafinsa Al-I'itisam cewa idan baitulmali ya ƙare kuma buƙatar tsaron jama'a ta matsa, shugaba adali yana iya aza wa mawadata abin da zai toshe buƙatar. Da Sarkin Masar Ƙuɗuz ya nemi karɓar kuɗi daga jama'a domin yaƙar Tartar, Izzuddin ɗan Abdussalam ya yarje masa da sharaɗin a fara ƙarar da abin da ke baitulmali, manyan sojoji kuma su sayar da kayan adonsu. Abin da nake gani shi ne: ƙasar da ke buƙatar asibiti da makaranta da tsaro ba za ta tsayu babu haraji ba, saboda haka a biya. Wanda kuma yake ganin an yi masa yawa, ƙofarsa ita ce ƙorafi a fili gaban hukuma, ba rantsuwar ƙarya ba.

Ku dubi abin da ɓoyewar ke haifarwa a nan gida. Magidanci mai mutum goma sha biyu ya rubuta shida a katin iyali don lanho ya yi sauƙi. Shekarar da damina ta gaza, aka zo rabon tallafi da wannan katin, sai a auna masa na shida, ya dawo yana zargin mai gari. Alhali doka ba ta ɗora lanho a kan yara ƙanana da gajiyayyun tsofaffi ba. Rubuta sunansu ba ya ƙara masa ko dala.

Ma'aikaci mai albashi ana yanke nasa tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya kafu shi ne zai je ofishin haraji ya karɓi lambar da ake kira NIF, ya riƙe littafin shiga da fita, ya faɗi gaskiyar cinikinsa. Littafin nan ma shi zai taimake shi ranar ƙidayar zakka. Kada kowa ya miƙa kuɗi ba tare da resi mai hatimi ba. Kuɗin da babu resi aljihun mutum suka shiga, kai kuma ka taimaka a kan zunubi.

Baƙinmu da suka zo daga Jigawa da Katsina suka zauna da iyalansu, su gabatar da kansu ga mai gari a rubuta su. Masu masaukinsu kada su ce musu a bari tukuna.

Ƴaƴanmu da ke waje kuwa, wanda ya shiga ƙasa da izininta ya shiga da alƙawari, cika alƙawari kuma wajibi ne ko da Musulmi ko da wanda ba Musulmi ba. A Amurka ana cike takardar bayanin kuɗin shiga zuwa 15 ga Afrilu, wanda ba shi da lambar ma'aikata ta ƙasar yana iya neman wata lamba mai suna ITIN. A Faransa ana cikewa kowace shekara daga watan Afrilu, ko da abin da ka samu bai kai na biya ba, kuma takardar da za su aiko maka ana nemanta a al'amuran zama da haya. A Najeriya sabuwar doka ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara. Ku kiyayi masu cike wa mutane takarda suna ƙara ƴaƴan da babu su don a maido da kuɗi. Wanda ya sa hannu shi doka za ta kama, shi kuma za a tambaya gobe ƙiyama.

Sharuɗɗan da malamai suka gindaya hujja ce a kan masu mulki kafin talakawa. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, babu kansilan da talaka zai tare a kasuwa ya tambaya. Muna roƙon kantomomin Magarya da Dungas da ƙananan hukumominsu su riƙa liƙa lissafin abin da aka tara da inda aka kashe shi a ƙofar ofis, a kuma karanta shi da Hausa a rediyon gari. Ƙofar masallacinmu ma a buɗe take ga wanda zai zo ya karanta shi bayan sallar Juma'a.

Wallahu a'alam.